Tambaya Da Amsa: Ɗiyata Ta Tafi Karatun Likita A Amurka, Sai Ga Ta A Ajin Falsafa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗiyata ce ta samu sukolashif a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, irin waɗanda suke ce wa liberal arts. Mu dai a kan likitanci muka yi sallama da ita a filin jirgi. To kwanan nan ta turo min kwasa-kwasan da ta ɗauka a zangon farko, wallahi sai da na karanta sau biyu, kemistiri ɗaya, lissafi ɗaya, sai falsafa, sai wani wai tarihin kiɗa. Na ce mata ina likitancin, ta ce Mama ai nan ba a zaɓar fanni sai ƙarshen shekara ta biyu. Babanta dai ya ce ta tattaro ta dawo ta zauna JAMB. Dan Allah makarantar gaske ce ko dai an yi mana sakiyar da ba ruwa?
Hajiya, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara lallashin Alhaji tukuna, kar a yanki tikitin dawowa. Gaskiya yarinyar ta gaya miki, haka tsarin yake, kuma ba sabon abu ba ne, kwalejin Williams da ke jihar Massachusetts tun 1793 take, Amherst tun 1821, Swarthmore a Pennsylvania tun 1864. Ƙanana ne, ɗalibai wajen dubu biyu ko ƙasa da haka a da yawansu, kuma digirin farko ne kusan duk sana'arsu. Marigayi Kofi Annan a irin wannan makaranta ya yi digirinsa, Macalester da ke Minnesota, ya gama a 1961. Obama ma shekara biyu ya yi a Occidental kafin ya koma Columbia. Saboda haka maganar ko ta gaske ce, indai tana da rajista da hukumar tantance makarantu ta can, wannan ba abin damuwa ba ne.

Mu abin da muka saba shi ne tun wajen cike fom ɗin JAMB yaro ɗan shekara sha shida ko sha bakwai ya rubuta kwas ɗinsa, ya shiga sashe ɗaya, shi ke nan sai ɗan GST da ake yi a gefe ana gunaguni. Su can makarantar ce ke ɗaukar ka, ba sashe ba. A miƙa maka kundin kwasa-kwasai mai ɗaruruwan darussa, akwai harsuna da adabi da zane da kiɗa, akwai tarihi da tattalin arziki da siyasa da addinai da halayyar ɗan Adam, akwai bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi da kwamfuta, sai ka zauna da malamin da aka haɗa ka da shi ku tsara abin da za ka ɗauka. Yawanci kwas huɗu kowane zango, zango takwas, kwas 32 ke nan a shekara huɗu. A cikin 32 ɗin nan fannin da mutum ya zaɓa bai fi ya ci tara zuwa sha ɗaya ko sha biyu ba, wato wajen kashi ɗaya cikin uku, sauran kuma a warwatse suke. A Williams dole ne ka ɗauki uku daga ɓangaren harsuna da fasaha, uku daga ɓangaren nazarin al'umma, uku daga kimiyya da lissafi. Amherst kuwa ba ruwanta, ban da ajin tattaunawa guda ɗaya na 'yan shekarar farko da kwasa-kwasan fanninka, ka ɗauki abin da ka ga dama. To kin ga tarihin kiɗan nan da ya ɗaga miki hankali mai yiwuwa cike gurbi take yi da shi, gara ta sauke shi tun yanzu kafin manyan kwasa-kwasan kimiyya su taso ta a gaba.

Kuma in kin duba ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Almajirin zaure a nan Zariya ba fiƙihu kaɗai yake ja ba, yana nahawu, yana balaga, yana manɗiƙi, wani har hisabi da ilmin taurari, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya ɓata hanya, don an san wanda bai da nahawu ba zai yi nisa a tafsiri ba. Su ma tunanin ke nan, a fara koya wa yaro karanta abu mai wuya, da rubutu, da kare hujja a gaban mutane. Ajin nasu ma ƙanana ne, mutum sha biyar ko ashirin, ba wurin ɓuya, in ba ka yi karatu ba malam zai gane tun kafin ka buɗe baki. A Williams har akwai wani tsari da ɗalibi biyu kacal ke zama da farfesa duk sati, ɗaya ya rubuto ɗaya ya soke shi, sati mai zuwa su yi musanya.

Yanzu ga inda nake so ki natsu Hajiya, don nan ne Alhaji yake da gaskiyarsa. A Amurka kusan ko'ina ba a karanta likitanci a digirin farko. Sai ka gama shekara huɗun nan, a cikinsu ka tabbatar ka yi bayoloji da kemistiri iri biyu da fiziks, duk da aikin ɗakin gwaji, galibi da bayokemistiri da lissafi da Turanci, sannan ka zauna jarabawar shiga makarantar likitanci da ake kira MCAT, sannan ka nemi makarantar likitanci ka ƙara wata shekara huɗu. Shekara takwas ke nan kafin a kira ta dakta, bayan nan ga horon asibiti na shekara uku zuwa bakwai, alhali a ABU ko BUK shekara shida ce in ba a yi yajin aiki ba. Za ta iya yin digiri a falsafar ma ta shiga likitanci indai ta cika waɗancan kwasa-kwasan, ana yi sosai. Matsalar ba ta nan take ba. Matsalar ita ce makarantun likitanci na Amurka kaɗan ne ke ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba, waɗanda ke ɗauka ɗin ma tallafin kuɗinsu ga baƙi kaɗan ne, wasu sai ka nuna kuɗin shekaru a ajiye kafin su ba ka gurbi. Sukolashif ɗin da take ci yanzu a digirin farko zai tsaya, ba zai bi ta can ba. Wannan ita ce maganar da masu tallan karatun waje ba sa son faɗa wa iyaye.

Ni dai a ganina kar ta dawo. Kuɗin shekara ɗaya a manyan kwalejojin nan, da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000, wanda aka ɗauke masa wannan ba ya wancakalar da shi saboda fushi. Amma ku kira ta ku yi magana ta gaskiya, likitancin nan ita ke so ko ku ke so? In ita ce, ta je ofishin da ke ba masu niyyar likitanci shawara tun wannan zangon, kusan kowace kwaleji tana da shi, ta tambaye su ƙarara baƙi nawa daga kwalejin suka samu shiga makarantar likitanci a 'yan shekarun nan. Ta kuma riƙe wata hanyar a hannu, digirin bayoloji ko kemistiri yana kai mutum ga PhD, wanda a fannin kimiyya yawanci su ke biyan ka, ko lafiyar al'umma, ko ta dawo gida ta nemi shiga MBBS kai tsaye a aji biyu kamar yadda wasu jami'o'inmu ke ɗaukar masu digirin kimiyya, ko da yake gurbin nan ma ana kokawa a kansa. In ta dawo da takardar waje kuma sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance ta kafin bautar ƙasa, ku ajiye duk takardun sakamako.

TAMBAYA: Malam ni injiniya nake son zama, akwai shi a irin waɗannan kwalejoji? Kuma dole sai Amurka?
Ɗalibi ɗan SS3, daga Gombe

AMSA: Ɗana yawancinsu ba su da shi, Williams da Amherst duk babu. Swarthmore tana da shi, Harvey Mudd a Kalifoniya ma tana da shi kuma ta yi suna a kai, Smith ma akwai amma ta mata ce zalla, ba taka ba ce. Wasu kuma suna da yarjejeniya da jami'o'i irin su Columbia, ka yi shekara uku a kwalejin ka je can ka yi biyu ka fito da digiri biyu, sai dai ka tambaya da kyau ko tallafin kuɗin zai bi ka shekaru biyun ƙarshe, don sau da yawa nan ake tuntuɓe. Batun kusa da gida kuwa, ga Jami'ar Amurka ta Najeriya, AUN, nan a Yola maƙwabtanku, wadda Atiku Abubakar ya kafa, da salon Amurka take tafiya, akwai kuma Ashesi a Ghana wadda Patrick Awuah ya buɗe a 2002, shi kansa a Swarthmore ya yi karatu. Ko ina ka nufa dai ka duba ko kwas ɗin injiniyan yana da amincewar hukuma, a Amurka ABET ce, a nan gida kuma COREN, kafin Baba ya biya ko sisi.