Kafin a sayi kwalbar furobayotik

Tambaya: Likita ya rubuta min maganin antibayotik na mako guda, kuma duk lokacin da na sha irinsa sai gudawa ta taso min. Na ga ana tallar furobayotik, wai yana "toshe yoyon hanji". In saya?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Furobayotik ƙananan halittu ne masu rai, bakteriya ko yis, da ake sha don su taimaki hanji. Bangon cikin hanji shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta manne da juna, majina ta lulluɓe su, jiki kuma yana sabunta su cikin kwana 3 zuwa 5. Shi ke barin abin gina jiki ya shiga jini, ya tare ƙwayoyin cuta. Yakan yi rauni a wasu cututtuka kamar Crohn (ciwon kumburin hanji mai daɗewa), wannan gaskiya ne. Amma "yoyon hanji" da masu talla ke ɗora wa kowace kasala da kumburin ciki, likitoci ba su lissafa shi cuta mai zaman kanta ba. A 2020 ma ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ce hujjar amfanin furobayotik ba ta isa ba a yawancin matsalolin ciki.

Sai dai ke kin faɗo inda yake da ɗan tasiri. Antibayotik ba ya bambanta mugu da nagari, yana share har ƙwayoyin da ke miki aiki. An fi gwada nau'i biyu wajen hana wannan gudawa: Lactobacillus rhamnosus GG da Saccharomyces boulardii. Na biyun yis ne, antibayotik ba ya kashe shi. Na farkon kuwa, ki bar tazarar awa 2 tsakaninsa da maganin. Kwalbar da ba ta rubuta cikakken sunan nau'in ba, ki ajiye musu abinsu. Ki duba adadin CFU, wato yawan ƙwayoyi masu rai da ke ciki, a ce har ranar ƙarewar wa'adi yake, ba ranar haɗawa ba, domin ƙwayoyin masu rai ne, zafi na kashe su. Yawan biliyoyi a jikin kwali bai taɓa burge ni ba.

Bangon kansa ya fi dogara da abinci mai harza, irin su wake da ganye. Ƙwayoyin hanji na sarrafa harzar su fitar da butiret, abincin ƙwayoyin bangon babban hanji. In kin ga jini a bayan gida ko zazzaɓi, koma wurin likita.

Tambaya: Mahaifina yana karɓar maganin ciwon daji. Zan iya saya masa?

Amsa: Kada ka saya, ɗan'uwa, sai likitansa ya yarda. Mai raunin garkuwar jiki, ƙwayoyin furobayotik kan iya tsallakawa cikin jininsa su zama cuta.