Kafin ki sayar da awakinki ki sayi firiza, fara ƙirga awararki

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a yankin Ringim ta jihar Jigawa ta aiko da tambaya. Ta ce shekararta huɗu tana yin awara a cikin gida, 'yarta tana kai mata talla bakin makaranta da tashar mota, da rana kuma tana haɗawa da zoɓo da kunun aya. Kayanta ba sa kwantai, kullum kafin azahar faranti ya dawo wayam, amma duk da haka a da tana jiƙa kwano biyar na waken suya, yanzu kuwa da ƙyar take iya sayen uku. Ƙaninta ya ba ta shawarar ta sayar da awakinta huɗu, ta ciyo bashin cikon, ta sayi firiza mai aiki da hasken rana, domin a cewarsa kuɗin yanzu yana wajen kayan sanyi, kuma cikin wata uku za ta mayar da abin da ta kashe. Tana tambaya ko ta yi hakan.

Malama, kada ki yi, kuma dalilina yana cikin wasiƙarki. Kin gaya mini yawan awakinki, kin gaya mini kuɗin firiza, kin gaya mini abin da ƙaninki ya lissafa miki, amma ba ki gaya mini awara nawa kwano ɗaya na wake yake fitar miki ba. Na tabbata ba mantuwa kika yi ba, ba ki taɓa ƙirgawa ba ne. Shekara huɗu kina tashi tun kafin kiran assalatu, kina tacewa, kina tsaye kan wuta hayaƙi yana cika miki ido, alhali ba ki san adadin abin da hannunki yake fitarwa ba, ba ki kuma san inda kowane yanka yake tafiya ba. Nan ne ciwon sana'arki yake, kuma firiza ba ta da maganinsa. Sana'ar da kayanta suke ƙarewa kullum amma jarinta yake raguwa ba rashin kasuwa take fama da shi ba. Tulu ne mai yoyo, kuma ƙaninki yana ce miki ki je ki ciyo bashin ruwa ki ƙara zubawa a ciki.

Na san abin da za ki ce, wato tsada ce ta jawo, kuma ban musa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai inji ya ƙara kuɗin niƙa, kuɗin mota zuwa kasuwa ya tashi, man suya da itace ma ba su tsaya inda suke ba. Sai dai wannan tsadar ba gidanki kaɗai ta shiga ba. Ta shiga gidan kowace mai awara a garinku, kuma a cikinsu akwai wadda har yau kwanonta biyar yana nan bai ragu ba. Saboda haka sai mu nemi abin da ya bambanta ki da ita.

Mu yi lissafi a kan kwano ɗaya. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, domin farashin kasuwarku ke kika san shi, sai ki cire nawa ki sa naki. Mu ɗauka kwanon waken suya naira 2,500 ne, niƙa 300, man suya 1,200, itace 500, yaji da gishiri da sinadarin ɗanɗano da leda 500. Kin kashe naira 5,000 ke nan. Idan kwanon ya fitar da yanka 130 kina sayarwa a kan naira hamsin hamsin, cinikin ya kama 6,500, ribar kuma 1,500. Ki lura da ma'anar wannan da kyau. A cikin yanka 130 ɗin nan, guda ɗari ba naki ba ne, na mai wake ne da mai inji da mai mai da mai itace, amana ce a hannunki har zuwa gobe da safe. Talatin kacal ne naki. A kwano ukun da kike yi yanzu, rabonki yanka casa'in ne, wato naira 4,500.

To, ina casa'in ɗin suke tafiya? Ban taɓa shiga gidanku ba, amma na ga gidaje irinsa da yawa. Kaskon farko yana sauka, sai a zuba wa maigida guda goma ya karya da koko. Yara shida kowa ya miƙo hannu a ba shi biyar biyar, talatin ke nan. A aika wa surukarki goma a kwanon sha, domin ba zai yiwu ƙamshi ya kai mata ba a kai mata ba. Maƙwabciya ta leƙo ta gaishe ki, a ƙulle mata kaɗan, mai sayen na ɗari biyu ta nemi gyara, 'yar talla ita ma ta taɓa a hanya, a ce ashirin. Saba'in sun tafi kafin ki kama ko sisi, saura ashirin, wato naira dubu ɗaya. Da yamma kuma sai a ce babu kuɗin cefane, ki buɗe gwangwani ki zaro 1,500 na kayan miya da omo. A ranar nan kin ci naira 500 daga uwar kuɗi ba tare da kin ji a jikinki ba. A wata guda ya zama 15,000, daidai da jarin yini guda cur na kwano uku. Ta haka biyar ya koma uku, kuma idan aka ci gaba a haka, uku zai koma ɗaya.

Kada ki fahimce ni a baibai. Ban ce ki hana 'ya'yanki abin da kika soya da hannunki ba, ban kuma ce ki rufe wa surukarki kwano ba. Alheri da zumunci suna daga cikin abin da yake sa wa sana'a albarka, kuma macen da take taimaka wa mijinta da cefane a wannan zamani ta cancanci yabo. Abin da nake ƙi shi ne kyautar da mai yin ta ba ta san yawanta ba, domin mai bayarwa daga riba tana yin alheri ne, mai bayarwa daga uwar kuɗi kuwa tana kashe abin da take yin alherin da shi. Ranar da kaskon ya daina hawa wuta, babu wanda zai ci, har surukar.

Na san wata mai waina da take kafa tanda a gefen kasuwar Wudil ranar Juma'a. Layi ake yi mata, masu shanu da direbobi ba sa wuce ta, miyar taushenta kuwa har kwatance ake yi da ita. Gidanta cike yake da dangi, kowa ya zo kasuwa a wajenta zai karya, ita kuma ba ta iya cewa a biya. Duk wanda ya ga taron da ke gabanta zai rantse ta yi kuɗi. Da ta ga shinkafar da take jiƙawa tana raguwa, sai ta ɗauka ƙarin jari take buƙata, ta kwashi adashi, ta ƙara tanda, ta ɗauki yarinya mai taya ta. Ciniki ya ƙaru, masu ci kyauta ma suka ƙaru, domin duk wanda ya ga tanda biyu ya san akwai. Zubin adashi ya zo ba ta da shi, ta sayar da tunkiyarta ta zuba, wani zubin ya sake zuwa. Daga ƙarshe na same ta tana yi wa wata mai waina wanke-wanke ana biyan ta da yamma, kuma har a lokacin tana ce mini ita ba ta san abin da ya faru ba, tun da kayanta ba su taɓa kwantai ba. Maganarta da taki iri ɗaya ce, shi ya sa wasiƙarki ta tayar mini da hankali.

Ga abin da nake so ki yi, kuma ba ya buƙatar ko kwabo. Gobe idan kin matse awara kin yanka, kafin ki jefa ko ɗaya a mai, ki ƙirga su. Ki riƙa yanka su girma ɗaya, domin hannun da ba ya aunawa yakan yi kyauta bai sani ba. Ki ware kason gida a kwano daban, adadin da kika yanke wa kanki, misali talatin, idan ya ƙare ya ƙare, wanda ya nemi ƙari ya jira tuwo. Abin da za a ɗora wa 'yar talla a ƙirga shi a gabanta, idan ta dawo a ƙirga kuɗi da ragowa a gabanta, ba don ana zarginta ba, sai don ita ma ta tashi da sanin cewa kaya amana ne. Kuma tun da bakin makaranta take kaiwa, ina roƙon ki kada tallan ya zama dalilin da za ta tsaya a waje 'yan'uwanta suna cikin aji. Da ciniki ya shigo, ki fara cire kuɗin wake da niƙa da mai da itace na gobe ki sa a gwangwani guda wanda ba a buɗe shi don cefane ko biki ko suna. Abin da ya saura shi ne naki, a cikinsa za ki yi taimako, a cikinsa za ki yi ajiya. Ki samu littafin makaranta na yara ki rubuta abu uku kullum: nawa aka yanka, nawa aka sayar, nawa gida ya ci. Idan boko bai zauna miki ba ki rubuta da ajami, idan shi ma babu, ki sa ɗanki ya rubuta kina faɗa masa.

Akwai kuma dusar da take fita bayan tata. Mata da yawa ba sa ɗaukar ta a bakin komai, alhali masu turkar raguna suna saye. Idan awakinki kike ba wa, to ki sani awakin nan huɗu wani ɓangare ne na ribar awarar da ta tsira daga kasko, ƙila ma su kaɗai ne ajiyar da shekara huɗun nan ta bar miki. Su ne kike shirin sayarwa.

Wurin da zai yi miki nauyi shi ne maganar maigida, kuma ba zan ɓoye miki ba. Ciyar da iyali haƙƙi ne a kansa, abin da kika sa taimako ne daga gare ki. Ba na ba ki shawarar ki tayar da rigima, amma ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki nuna masa littafin, ki ce masa ga abin da sana'ar take iya ɗauka a yini, ga abin da idan aka wuce shi za ta mutu. Maza da yawa suna ganin faranti yana dawowa babu komai sai su ɗauka kuɗi yana nan jibge a ɗaki. Idan ya ga lissafi da idonsa, zai fi sauƙin fahimta fiye da idan ya ji ƙorafi da baki.

Game da firiza kuwa, ƙaninki ya yi lissafin watan Afrilu ne ya shimfiɗa shi a kan shekara duka. Gaskiya ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake kan ganiyarsa, duk abin da ya yi sanyi yana tafiya. Amma idan damina ta sauka ciniki yakan ja baya, idan hunturu ya shigo a Disamba da Janairu kuwa, mutanen ƙauye koko da kunun gyaɗa da shayi suke nema, babu mai tambayar zoɓo mai ƙanƙara. Azumi ma, wanda masu kayan sanyi suke dogara da shi, yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Na 2025 ya kama a farkon Maris, kuma shekarun da ke tafe cikin sanyi zai riƙa faɗawa. Bashi kuwa bai san hunturu ba, ranar biya ranar biya ce. Ƙari a kan haka, kunun aya ba ya haƙuri, idan batir ya yi rauni dare ɗaya ya tsinke ya yi tsami, an yi asarar aya da dabino da kwakwa da sukari gaba ɗaya. Wa zai gyara miki na'urar a ƙauye idan ta lalace, kuma nawa zai karɓa? Ƙaninki bai sa wannan a lissafinsa ba, domin ba awakinsa za a sayar ba. Ni duk lissafin da aka ce mini zai mayar da jari cikin wata uku, nakan tuna da mutanen da suka zuba kuɗinsu a MMM, harkar nan ta zuba kuɗi ta intanet mai alƙawarin riba mai yawa, kafin ta dakatar da biyan mutane a Disambar 2016. Su ma lissafin da aka yi musu a baki babu inda ya karkace.

Idan kina son wurin da za ki sa kuɗi ya yi miki aiki, ki dubi waken da kike saye kwano kwano. Da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, sabon waken suya yakan shigo kasuwa da sauƙi, sannan yawanci ya riƙa hawa har zuwa damina. Buhu guda kwano arba'in ne, kusan aikin sati biyu ke nan a yadda kike yi yanzu. Idan littafinki ya fara nuna ajiya, ki tara ta ki sayi rabin buhu ko buhu a lokacin arha, ki tabbata ya bushe sosai, ki ɗora shi a kan katako nesa da danshi. Bambancin farashin kaka da na bazara riba ce da za ki samu ba tare da kin ƙara hura wuta ko sau ɗaya ba, kuma babu mai zuwa ƙofar gidanki neman biya.

Shi kuma kayan sanyin, ki gwada shi da kuɗi kaɗan kafin ki yarda da shi da kuɗi mai yawa. Idan zafi ya shigo, ki sayi kula madaidaiciya, ki riƙa ba direban da yake zuwa Ringim saƙon ƙanƙara, ki sanyaya zoɓonki da kununki da ita, ki rubuta roba nawa kike sayarwa a yini da abin da ya rage bayan kuɗin ƙanƙara da na mota. Ki ci gaba da rubutawa har damina ta sauka, ki ga yadda cinikin zai koma. Idan waken da kike jiƙawa ya koma kwano biyar, kuma littafin ya nuna kayan sanyi suna biyan kansu har a watannin da babu zafi, a lokacin sai mu yi maganar firiza, da kuɗin da kika tara, awakinki kuma suna ɗaure a turkensu.