Gishirin da na'ura ba ta gani

Ka ce mu a nan labo sai mun ɗebi abu mun sa shi a bakin na'ura kafin ta faɗa mana ko mene ne, to yaya aka yi har ake cewa akwai ƙanƙara da gishiri a kan Yuropa, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jufita, alhali ba wanda ya taɓa ɗebo ko ƙwaya ɗaya daga can? Jawo kujera, ɗana.

Aikin iri ɗaya ne, fitilar ce ta bambanta. Tamu na'urar da fitilarta a ciki. Su kuwa rana ce fitilarsu: haskenta ya sauka kan ƙanƙarar ya dawo, madubin hangen nesa ya tare shi, a rarraba shi bisa tsawon zangonsa. Hasken ƙasa da ja ake dubawa, wanda ido ba ya gani, a nemi inda ya yi giɓi, domin kowane sinadari da wurin da yake haɗiye haske. Ƙanƙarar ruwa tana barin rami mai zurfi a wajen maikuron 1.5 da kuma 2.0 (maikuron shi ne ma'aunin tsawon zangon hasken, kashi ɗaya cikin dubu na milimita) a kan layin nan da kake gani a kwamfuta. Akwai wani ƙarami a 1.65, shi kuma yana ƙara zurfi in sanyi ya tsananta. Wannan kam ba gardama.

Gardamar ta taso ne da kumbon Galileo, wanda ya yi ta zagaya Jufita daga 1995 zuwa 2003 ɗauke da na'urar NIMS mai rarraba hasken ƙasa da ja. A wuraren da fuskar watan ta yi duhu, ta yi ja-ja, sai aka ga ramukan ruwan sun karkace. Ruwa ne, amma a maƙale da wani abu. A 1998 wasu masana suka ce gishiri ne mai riƙe ruwa, ko na magnesiyom, ko dangin kanwar nan da ake kawowa kasuwar Dole daga ƙasar Manga. A 1999 wasu suka ce a'a, sinadarin ruwan batir ne ya daskare tare da ruwa, kuma tururin ƙwayoyin lantarki da ke kewaye da Jufita ne ya toya farar wuta ta zama haka. Kowa ya ɗora layinsa, kowa ya ga ya yi kama. Ni ban ga laifin na'urar ba. Layi ba ya zuwa da suna a goshi, sai ka gwada shi da na abin da ka sani, kuma a yanayi ɗaya. Sanyin can yana kai digiri 160 ƙasa da sifili. Kanwar da ka auna a zafin Damagaram na watan Afrilu ba za ta ba ka layin da za ta bayar a wannan sanyi ba, shi ya sa suke daskarar da samfur kafin su kwatanta.

Gishirin miya kuma, ai ka san halinsa. Ka ga yadda nake ɗiga man gyaɗa tsakanin faifan gishiri biyu, ina hana ka taɓa su da jiƙaƙƙen hannu. Don me aka zaɓi gishiri? Don hasken ratsa shi yake yi ya wuce, ba ya barin alama. To haka yake ɓuya a Yuropa ma. Sai a 2019 aka kama shi da madubin Hubble, a hasken da ido ke gani, saboda wancan tururin yana mai da shi ruwan ɗorawa. A yankin Tara Regio aka gan shi, inda ƙanƙara ta farfashe ta sake haɗewa. A nan ne kuma madubin James Webb ya nuna CO2, iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, a daskare a kan fuskar watan a 2023, kusa da maikuron 4.3.

Ana kyautata zaton gishirin da CO2 ɗin daga wani teku da ake jin yana ƙarƙashin ƙanƙarar suka fito. Zato ne fa, kar ka rubuta shi a matsayin sakamako, domin hasken bai wuce fatar sama ba, ƙanƙarar kuwa kaurinta kilomitoci ne. Kumbon Europa Clipper ya tashi a watan Oktoba na 2024, zai isa a 2030 da na'urar MISE, mai aunawa daga maikuron 0.8 zuwa 5.

Gobe ka raba kanwar can gida biyu, ka busar da rabi a tanda, ka auna kowanne, ka kawo mini layukan mu ga yadda ramin ruwan ya sauya.