Askin ɗana ya hana gidana zaman lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekararsa 19, yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano. Tunda ya fara tara suma a tsakiyar ka, yana kuma kaiwa sha ɗaya na dare a gidan kallon ƙwallo, Alhaji mahaifinsa ya ce ya lalace, har ya daina amsa gaisuwarsa. Shi kuwa yaron cewa yake, "Umma, ba na shaye-shaye, ba na ƙwacen waya, salla ba ta wuce ni. Me na yi?" Wa ke da gaskiya?

Wata uwa daga Ɗorayi

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Mudun Alhaji daban, na yaron daban. Alhaji ya taso ana gane ɗan mutunci da hula, da durƙuson gaisuwa, da shiga gida bayan isha'i. Ɗanki kuma ya buɗe ido ya ga sa'o'insa a daba, wasu na tare mutane da wuƙa saboda waya. Shi ya sa yake ganin duk wanda bai kai can ba lafiya lau yake.

A batun aski, ni dai ina ganin Alhaji ya zafafa. Lokacin da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ai ba masu tara suma kaɗai ke sha ba. Har da 'yan mata masu dogon hijabi, har da matan aure a cikin ɗakunansu. Suma ba ta nuna wannan. Barcin rana mara dalili, lauyewar harshe, ɓacewar kuɗi a gida, su za ki sa wa ido. Amma ki faɗa masa Hisba kan aske irin wannan kan, gara ya rage da kansa.

Dare kuwa, Alhaji ya fi shi gaskiya. Sha ɗaya a lungunan Ɗorayi ba wasa ba ne, ko wayar mutane da ke aljihunsa ta isa ta ja masa.

Kada ki shiga tsakaninsu ke kaɗai. Ki sa baffansa ya leƙa Farm Centre ya ji ta bakin ubangidansa, sannan ya zaunar da su biyun a yanke lokacin dawowa gida. Ki lallashi Alhaji ya riƙa amsa gaisuwar nan, don yaron da aka daina amsa wa yakan daina zuwa gaisuwar gaba ɗaya.