Amsa ga yaron garejina kan tayar da tsohuwar Land Cruiser da kuɗi kaɗan

Ɗana, na karanta takardar da ka bar mini a kan benci jiya da yamma, kuma na fahimci tambayarka. Ka ce kawunka ya sami gadon tsohuwar Land Cruiser a-kori-kura, samfurin 75 mai injin dizal 1HZ, wadda ta shekara uku a ajiye ƙarƙashin darbejiya ba a tayar da ita ba, kuma yana so ka gyara masa ita ta zama motar zirga-zirgarsa ta kullum tsakanin gona da cikin Kano, alhali kuɗin da ya ware ba su da yawa. A jerin da ka rubuta ka fara da sauke inji a yi masa ringi, sai fenti, sai manyan tayoyi, sannan ka tambaye ni ko kuɗin za su kai. Za su iya kaiwa, amma ba a bisa wannan jeri ba, domin ka ɗauko aikin ƙarshe ka kawo shi farko, birki da lagireto kuwa ko ambatonsu ba ka yi ba.

Kafin kwabo ya fita daga aljihun kawunka, ka shiga ƙarƙashin motar da tocila da ƙaramar guduma ka bi shasi daga gaba har baya. Ka ƙwanƙwasa wurin da sifirin ke maƙale da shasi, da kewayen akwatin sitiyari, da duk inda laka ta saba taruwa ta bushe, domin a nan tsatsa da tsagewa suke ɓuya. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cin ƙarfe da sauri a nan, amma motar da ta yi zama a Legas ko Kwatano, ko ta fito daga ƙasashen Turai inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, tana iya zuwa da ciwonta a ɓoye a ƙarƙashin baƙin fenti. Idan shasin ya ruɓe ko an taɓa yi masa mummunar walda a tsakiya, ka gaya wa kawunka gaskiya tun yanzu cewa kuɗinsa ba za su tayar da wannan mota ba. Ka kuma gwada lambar shasi da wadda ke cikin takardu, domin motar da za ta riƙa wuce shingen jami'ai kullum ba ta da amfani idan takardunta suna da gardama.

Idan shasi ya tsira, sai ka koma kan inji, kuma ina roƙonka kada ka ɗaura batir ka murɗa makulli don ka ji ko zai tashi. Injin da ya shekara uku a kwance, baƙin mai ya gangare daga jikinsa, dizal ɗin tanki ya tsufa ya tara ruwa da dauɗa, ɓeraye kuma wataƙila sun yi gida a cikin gidan filtar iska sun ci wayoyi. Ka zubar da tsohon dizal ka wanke tanki, ka canza baƙin mai da filtarsa, ka kwance fulogogin hita guda shida, sannan ka sa sifana a kan fulin kiranshaf ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. In ya juya ba tare da ya cije ba, ka mayar da komai, ka buga ɗan famfon hannu da ke kan filtar mai har iska ta fita, sannan ka tayar.

A nan ne nake so ka natsu, domin a nan yawancin kuɗin mutane suke salwanta. Injin 1HZ, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, silinda shida ne a jere, lita 4.2, ba shi da turbo, kuma irin wannan samfuri babu kwamfutar da ke sarrafa mansa. Ba inji ne mai gudu ba, amma yana da haƙuri ƙwarai, shi ya sa har yau direbobin Agadas suke ratsa rairayi da shi zuwa Dirku da Bilma. Irin wannan inji ba a buɗe shi saboda shekarunsa sun yi yawa, sai idan awo ya nuna akwai dalili. Ka bar shi ya yi zafi, ka buɗe murfin zuba baƙin mai ka ga ko hayaƙi yana bugowa da ƙarfi, amma tun kafin ya yi zafin, yana tashi, ka leƙa bakin lagireto ka ga ko kumfa tana tasowa ba ta yankewa, sannan ka ɗauki ma'aunin matsi ka auna kowace silinda ta ramin hita ka rubuta abin da ka samu. Idan silinda shidan sun yi kusa da juna kuma ba su faɗi ƙasa da abin da littafin injin ya ƙayyade ba, ka bar fiston da ringi inda suke. Baƙin hayaƙi galibi daga toshewar filtar iska ne, ko nozul da suka gaji, ko famfon mai da wani ya taɓa saitinsa, kuma duk waɗannan aikin waje ne mai sauƙin kuɗi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi shi ne ke nuna ana ƙona baƙin mai, kuma ko shi ma, idan shan man bai yi yawa ba, motar za ta iya aiki da shi wata da watanni kafin a tara kuɗin babban gyara.

Kuɗin farko birki da sitiyari za su ci, kuma ba na karɓar ciniki a kan wannan. Man birki yana jan danshi, don haka a motar da ta daɗe a ajiye za ka tarar silindar ƙafafun baya ta yi tsatsa, robobin masta sun saki, tiyon roba kuma sun tsattsage. Ka canza robobi da tiyo da sababbi, ka zubar da tsohon man gaba ɗaya, ka duba layinin da fad, ka gyara birkin hannu domin motar gona tana tsayawa a gangare da kaya. Daga nan ka ɗaga gaba da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. Motsin farko yana nuna boris, na biyun yana nuna tayarod.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi damuna a wannan inji. Tun ina da ƙuruciya a sana'a na taɓa yi wa wani bawan Allah cikakken gyaran inji irin wannan, na sa masa sababbin ringi da metal, amma da ya ce kuɗi sun ƙare sai na amince muka mayar da tsohon lagireto ba tare da an buɗe shi ba. Ba a yi wata biyu ba, a zafin Afrilu, motar ta tafasa a hanya da lodi, kan silinda ya tsage, aikin da muka yi duka ya tafi a banza, kuma mutumin nan bashi ya ci ya biya ni. Har yau ina jin nauyin wannan al'amari, domin ni ne na san illar, ba shi ba. Saboda haka ka cire lagireto ka kai a buɗe shi a tsefe bututunsa ɗaya bayan ɗaya, ka canza murfinsa da tiyo na sama da na ƙasa, ka girgiza famfon ruwa ka ji ko yana da wasa ko yoyo. Fankar wannan inji tana da kulocin mai a tsakiyarta, kuma idan inji ya yi zafi ka kashe shi ka ga fankar tana juyawa sakaka da ɗan yatsa, to ta daina jan iska yadda ya kamata. Na san a garejoji da yawa ana cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, a jefar, a ce wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Ni ban yarda da wannan ba, domin injin dizal da ba ya kai zafin aikinsa da wuri yana shan mai, yana tara baƙi, yana kuma cin jikinsa da safe, musamman a lokacin hunturu. Ka sa sabo mai kyau, ka zuba ruwan lagireto na gaskiya mai maganin tsatsa, ka hana kawunka ɗura ruwan rijiya mai kanwa da gishiri. Allurar zafi kuma dole ta yi aiki kafin motar ta fita daga gareji.

Tayamin bel ba ya buƙatar dogon bayani. A wannan inji haƙoran giya ne ke juya famfon mai, daga famfon kuma bel ya ɗauki kamshaf, kuma ƙa'idar waɗannan tsofaffin ita ce a canza shi a kilomita 100,000. Tun da ba ka san ranar da aka sa na ciki ba, kuma roba tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba, ka canza shi tare da boris ɗin da ke ɗaure shi. Aikin bai fi na rabin yini ba, amma idan bel ɗin ya tsinke inji yana gudu, fiston zai haɗu da bawul, asarar kuma ta fi kuɗin bel nesa ba kusa ba.

Aksul ɗin gaba shi ne wurin da za ka koyi abin da ƙananan motocin da ka saba da su ba su koya maka ba. A kowane gefe akwai ƙwallon ƙarfe inda taya ke juyawa, a cikinsa akwai gaɓar da ke kai ƙarfi ga tayar, tana kwance cikin giris, can ciki kuma akwai ƙaramin sil da ke raba giris ɗin da man aksul. Idan sil ɗin ya mutu sai man ya gangaro ya narkar da giris, ka ga wani baƙin kunu yana tsiyaya a bayan taya, wani lokaci har ya kai ga birki. Masu gaggawa sukan ɗura sabon giris su rufe, bayan mako biyu abin ya dawo. Gyaran gaskiya shi ne a wargaza gefen gaba ɗaya, a wanke komai da kalanzir, a canza sil na ciki da boris na sama da na ƙasa da na taya, a cika ƙwallon da baƙin giris mai sinadarin moli, sannan a ɗaure boris daidai, ba sakwaf ba kuma ba a shaƙe ba. Kayan ba su da tsada sosai, haƙuri da tsafta aikin yake ci, kuma yini guda zai ɗauke ka a kowane gefe a karon farko. Ka kuma buɗe ɗan bututun numfashi da ke saman aksul, domin toshewarsa ce take tura mai ya fasa sil. Kafin ka fito daga ƙarƙashi ka canza man giya da na akwatin raba ƙarfi da na aksul biyu, in ka ga ya yi fari kamar madara ka san ruwa ya shiga, sannan ka bi kurosin furofela da bindigar giris.

Game da sayen kaya, akwai inda gwanjo ya fi sabo, akwai kuma inda gwanjo ganganci ne. Kik, da altaneto, da ganyen sifirin, da ƙofa, da fitila, da wili, ka neme su na hannu a Ƙofar Ruwa, in ba a samu ba a aika Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, domin tsohon na asali ya fi sabon jabu daɗewa. Amma bel, da sil, da robar birki, da tiyo, da filta, sababbi za ka saya, kuma daga hannun wanda in kaya ya ba da matsala za ka iya komawa wurinsa. Sunayen Aisin da Denso da Koyo su ne masu yi wa Toyota kaya, sai dai kwalinsu ma ana kwaikwayonsa, don haka ka riƙa tafiya da tsohon a hannunka kana gwada nauyi da aiki. Araha ba ta ado, ballantana a filtar dizal, domin famfon mai da dizal ɗin da ke ratsa shi yake samun santsi, kuma ruwa ko dauɗa ko man bumburutu da aka gauraya da kalanzir suna cinye shi a hankali. Ka nuna wa kawunka yadda ake tsiyaye ruwa daga gindin filtar.

Manyan tayoyin da ka rubuta ka soke su. Suna ƙara shan mai, suna rage wa inji ƙarfin ja, suna wahalar da boris da birki, kuma babu abin da hanyar burji take nema wanda 7.50R16 da aka yi motar da ita ba za ta yi ba. Abin da nake so shi ne tayoyi huɗu masu girma ɗaya da safaya mai rai. Idan na hannu za ku saya, ka karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 tana nufin mako na 23 a 2019, kuma ni ba na ɗaura wa motar da za ta ɗauki mutane tayar da ta haura shekara shida ko da zanenta bai goge ba.

Akwai kuma abin da za ka koya wa kawunka da kansa, domin tuƙi yana lalata abin da gyara ya gyara. A kan kwalta ƙaramar giyar ta zauna a H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, makullan tayoyin gaba kuma a kan FREE. H4 da L4, inda tayoyi huɗu duka ke ja, na yashi ne da laka da hawan dutse, kuma idan aka bar su a kan busasshiyar kwalta, gaba da baya suna ja-in-ja har wani abu ya karye. Sau ɗaya a wata ya juya makullan zuwa LOCK ya yi 'yan kilomitoci don mai ya zagaya cikin aksul ɗin gaba. Baƙin mai a canza shi kowane kilomita 5,000, filtar iska kuma a riƙa kakkaɓe ta akai-akai a lokacin ƙurar hunturu. Ka kuma faɗa masa tun yanzu cewa mota ce mai nauyi, dizal ɗin da za ta sha a go-sulo na cikin gari ya fi na ƙaramar mota sosai, don ya yi lissafinsa da ido buɗe.

Fenti zai jira kaka. Inda tsatsa ta fara a bodi a kankare a shafa jan fenti na kariya, wayoyin da ɓera ya ci a kira mai riwaya ya gyara su da fis daidai ƙa'ida, kada a naɗe da waya, fitilu da waifa da ham kuma su yi aiki. Kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ka ce kawunka ya riƙe a hannunsa kada a taɓa, domin motar da ta daɗe a kwance sai ta yi mako biyu ko uku a hanya take bayyana sauran ciwonta, sau da yawa kuloci ne ko wani sil da ya bushe. Ranar Asabar bayan sallar Azahar ka ɗauko ma'aunin matsi da jak da tocila, mu je tare mu ga shasin, kuma ka zo da littafin rubutu domin kai ne za ka yi awon, ni tsayawa kawai zan yi a kanka.