Me Ya Sa Bairos ɗin Gudawa Ke Ƙin Girma a Ɗakin Gwaji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kimiyyar gwaje-gwajen lafiya ne. An ce mana norobairos, mai haddasa amai da gudawa, ya daɗe yana gagarar masana wajen raino a ɗakin gwaji. Mene ne dalili, kuma yaya ake yi yanzu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bairos ba ya hayayyafa sai cikin ƙwayar halitta mai rai, shi kuwa norobairos tsirfa gare shi. Tun 1972 Albert Kapikian ya gan shi, amma sai 2016 ayarin Mary Estes a Kwalejin Likitanci ta Baylor, Amurka, suka raine shi a ƙwayoyin hanjin ɗan Adam. Ƙwayoyin da aka saba amfani da su ba su cika kamannin hanji na ainihi ba, shi ya sa yake ƙin su.

Ga yadda ake yi. Ana gutsuro ɗan naman hanji, a ware ƙwayoyin asali masu haifar da sauran ƙwayoyin hanji, a raine su cikin Matrigel (wani abu mai kauri da ake rainon ƙwayoyi a ciki) har su zama ƙananan hanji. Sai a shimfiɗa su falle ɗaya, a janye sinadarin Wnt, mai sa su ci gaba da yawaita, na kwana huɗu zuwa biyar don su balaga. Kada a yi gaggawa a nan, ƙwayar da ba ta balaga ba ba ta kamuwa. Bayan gidan majinyaci kuma a dama shi da ruwa, ya zama kashi 10 cikin 100 na haɗin, a tace don fitar da bakteriya, a zuba a kan ƙwayoyin na awa ɗaya a ɗumin digiri 37, a wanke. Ana auna RNA, wato ƙwayar gadon bairos ɗin, da gwajin RT-qPCR nan take, a sake bayan awa 24 zuwa 72. Idan adadin bai ƙaru ba, abin da ka zuba ne kawai kake gani.

Abu biyu ke yawan ɓata aiki. Nau'in norobairos na GII.3 ba ya girma sai an sa ruwan maɗaciya, GII.4 kuwa yana yi ko babu. Sannan idan ƙwayar gadon FUT2 ta mutumin da aka gutsuro hanjinsa ba ta aiki, yawancin nau'o'in ba sa samun wurin maƙalewa.

Rotabairos, wani bairos ɗin gudawa, ya fi sauƙi. Yana girma a ƙwayoyin ƙodar biri, MA104, muddin an fara jiƙa shi da tirifsin, sinadarin da ke tsaga furotin VP4 na jikin bairos ɗin. Amma a wanke ruwan jinin maraƙi da ake rainon ƙwayoyin da shi tas tukuna, domin yana kashe kaifin tirifsin.