Amsoshin Tambayoyinku: Buroshi, Man Goge Baki da Batun Cire Beli

Wani ɗan kasuwa a Tawa ya rubuto: "Goro ya rina mini haƙora. Na sayi buroshi mai tauri da garin gawayin da ake talla a WhatsApp. Yanzu ko ruwan randa na kurɓa sai in ji zogi har ƙwaƙwalwa. In ci gaba ko in koma ga asuwaki?"

Alhaji, ajiye garin nan tun yau, ka haɗa da buroshin. Haƙori hawa uku ne. Farin ɓawon da ke waje shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, ya fi ƙashi, sai dai in ya cinye ba ya sake tofowa. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya, cike da ƙananan kafofi da ke kaiwa can tsakiya inda jijiya da jini suke. Gawayi da buroshi mai tauri kankare ɓawon suke yi, kuma suna tura dasashi baya har wuyan haƙori ya fito fili. Zogin da kake ji sanyin ruwa ne ya sami hanya zuwa jijiya. Kuma duk sanda ɓawon ya ƙara sirancewa, rawayan ciki ƙara bayyana yake, ka ga an biya kuɗi an sayo akasin abin da ake nema.

Je farmasi ka nemi buroshi mai laushi, wanda aka rubuta "souple" a kwalinsa, mai ƙaramin kai don ya isa turamen can baya. Babban mutum haƙora 32 gare shi in sun fito duka, 12 daga ciki turame ne, kuma a ramukan samansu abinci ya fi maƙalewa. A canja buroshi bayan wata 3, ko da zarar gashinsa ya baje. Asuwaki kuwa kada ka bar shi, yana cire dauɗa sosai in an tauna bakinsa ya yi laushi kuma ana yanke tsohon kai. Inda yake gazawa shi ne cikin turame ta ɓangaren harshe. Riƙe shi da rana da lokutan salla, buroshi da mai kuma safe da dare, minti 2. Jan goron da ya riga ya kama, likitan haƙori ne zai wanke shi da na'ura.

Wata mai jego, ita ma daga Tawa: "Uwar mijina ta ce a kira wanzami ya cire wa jaririna beli kafin suna, wai in an bari zai kumbura ya hana shi shan nono. Raina bai kwanta ba, kuma ba na son in yi mata musu."

'Yar'uwa, Allah ya raya. Amsata a nan ba ta da kwana-kwana: kada a cire.

Ki tsaya gaban madubi da tocila, ki buɗe baki ki ce "aa". Rufin bakinki, wato ganɗa, gabansa ƙashi ne, bayansa kuma nama mai laushi. Wannan ɗan tsokar da ke reto a ƙarshensa shi ne beli. Za ki ga ya ɗaga sama da kika yi sauti. Haka yake ɗagawa tare da ganɗa duk sanda aka haɗiye abu, su toshe hanyar hanci don nono ko ruwa kada su bi ta can. Yana kuma fitar da yawu mai jiƙa maƙogwaro. Kowane jariri da shi ake haifarsa, lafiyayye da mara lafiya, don haka ganinsa a bakin ɗanki ba alamar cuta ba ce.

Jinin jaririn kwana bakwai kaɗan ne ƙwarai, abin da babba zai zubar bai ji komai ba shi yana iya galabaitar da shi, kuma jinin na iya gangarawa hanyar numfashi. Ƙarfen da ya shiga bakin wani yaro yana iya ɗauko tetanos, ciwon hanta ko sida. Sannan ciwon yankan kansa kan sa yaro ya ƙi kama nono kwana da kwanaki, abin da ake gudu tun farko ke nan.

Inna ba mugunta take nufi ba, abin da ta gani aka yi wa nata 'ya'yan take so a yi wa jikanta. Kada ki tunkare ta ke kaɗai. Ki fara shawo kan maigidan, shi ya yi wa mahaifiyarsa magana, in da hali ku ɗauke ta ku tafi likita tare ranar rigakafi ta ji daga bakin ungozoma. Wanzami ya yi askin suna, a ba shi haƙƙinsa cikakke, a roƙe shi ya tsaya nan. In kuwa jariri ya ƙi nono da gaske, ko jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita a ranar, kada a kwana.

Wani malamin makaranta ya tambaya: "An ce in saya wa yarana man goge baki mai fulorayid. Ba shi ne ya nakasa yaran Tibiri ba?"

Malam, shi ne, kuma tsoronka yana da tushe. A Tibirin Gobir ruwan famfo ne ya zo da fulorayid, wani sinadari da ake samu a ƙasa da ruwa, fiye da kima, yara suka yi shekaru suna sha, haƙora suka yi dabbare-dabbare, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Na cikin man goge baki shafawa ake a tofar, yana ƙarfafa ɓawon haƙori. Duba bayan kwali ka ga tsakanin 1000 zuwa 1500 ppm, wato ma'aunin yawan fulorayid da ke cikin man. Wanda bai kai shekara 3 ba, a ɗiga masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, babba na tsaye a kansa har ya tofar. In ka lura yaran unguwarku haƙoransu na fitowa da tabo fari ko ruwan ƙasa, sai ku nemi a auna ruwan da kuke sha.

Ka leƙa bakin ɗan shekara 6 a gidanka. Haƙoran nono 20 ne, kuma a wannan shekarun turmin farko na dindindin ke fitowa a bayansu, ba tare da wani haƙorin nono ya faɗi ba. Iyaye da yawa kan ɗauka na famfara ne su bar alewa ta cinye shi, alhali ba wani mai maye gurbinsa. Su huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, ka tabbata buroshin yaron yana isa gare su kowane dare.